Babi Na Bakwai: Tazarar Da Ke Tsakanin Mota Da Ƙasa

Daga cikin abubuwan da ma'abota motocin gudu a Turai da Amurka da Japan suke zuba dukiyarsu a kai, akwai wata al'ada wadda in aka ba mutumin Takanamat ta wajen Tawa labarinta zai zaci ba'a ake yi masa, ita ce rage wa mota tsayi, wato mutum ya sayi mota lafiyayya, ya kai ta gareji, a kwance sifirin ɗin da kamfani ya ɗaura mata, a maye gurbinsu da waɗansu gajeru masu tauri, domin cikinta ya ƙara kusantar ƙasa da misalin santimita 3 ko 4. Mamakin nasa kuwa yana da hujja, gama tun da ya yi wayo bai taɓa ganin wanda ya biya kuɗi don a sauke motarsa ba. Abin da ya saba gani a garejojin Tawa shi ne direba ya zo yana cewa gindin motarsa ya zauna, a ƙara mata falle ta miƙe. Amma wanda ya dubi al'amarin da natsuwa zai tarar mai saukewa da mai ɗagawa mas'ala guda suke fama da ita, kuma ƙa'ida guda ce take hukunta su duka biyu: hanya ita ke yanke wa mota tsayinta, kuma ba a taɓa sifirin shi kaɗai a ƙyale sauran ƙarafan da aka auna su tare da shi.

Kafin a shiga rassa, wajibi ne a san asali. Mota ba a bisa tayoyinta take zaune kai tsaye ba. Tsakanin gangar jikinta da ƙafafunta akwai ƙarfe mai lanƙwasawa ya komo, wato sifirin, wanda aikinsa shi ne ya karɓi dukan da hanya take yi wa taya kafin ya isa ga fasinja, ya kuma riƙa danne tayar a ƙasa don kada ta rabu da hanya, domin tayar da ke sama ba ta kama birki, ba ta kuma bin umurnin sitiyari. Wani masani na Ingila, Robert Hooke, shi ya bayyana ƙa'idar wannan ƙarfe a 1678, cewa gwargwadon nauyin da aka aza masa gwargwadon lanƙwasawarsa, muddin ba a ƙetare haddinsa ba. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai falle-falle, wato sillayen ƙarfe masu ɗan baka da aka jera bisa juna, dogo a sama gajeru a ƙasa, wanda tun zamanin keken doki ake aiki da shi, har wani maƙerin kekuna a Landan mai suna Obadiah Elliott ya yi rajistar nasa samfurin a 1804. Shi ne a bayan Hilux da Land Cruiser na ɗaukar kaya da manyan motoci. Akwai kuma murɗaɗɗe, sandar ƙarfe da aka naɗa zagaye-zagaye, shi ne a mafi yawan ƙananan motoci. Kowannensu yana da abokin aiki da ba ya rabuwa da shi, wato shokazoba, wanda yake tura mai ta waɗansu 'yan kafofi domin ya kashe rawar da sifirin zai ci gaba da yi bayan an wuce rami.

To, mece ce hujjar masu saukewa? Kowace mota tana da wata cibiya inda nauyinta duka ya tattaru, kuma duk sa'ad da ta shiga kwana da gudu, nauyin nan yakan rinjaya zuwa tayoyin waje, na ciki su yi sako-sako, yawan abin da ya rinjaya kuwa yana bin tsayin cibiyar daga ƙasa sau da ƙafa. In cibiyar tana santimita 50 daga ƙasa aka sauke ta da 3, an rage rinjayen da kashi 6 cikin ɗari. Riba ce ƙarama a wurin mai zuwa kasuwa, amma babba ce a wurin wanda ake yi wa hisabin nasara da abin da bai kai ƙiftawar ido ba. A tseren Formula 1, inda iskar da ke bi ta ƙarƙashin mota take jan ta zuwa ƙasa ta ƙara mata riƙo, kwaɗayin saukewa ya kai har hukumar tseren ta wajabta a 1994 a liƙa wani allo mai kaurin milimita 10 a ƙarƙashin kowace mota, wanda in aka auna bayan tsere aka tarar ƙasa ta cinye fiye da milimita 1, sai a soke sakamakon mai ita. Da wannan doka aka ƙwace wa Michael Schumacher nasararsa a Beljiyam a shekarar nan, da ita kuma aka fitar da Lewis Hamilton da Charles Leclerc a Austin ta Amurka a 2023. Amma fa, tsakani da Allah, galibin masu sauke motocinsu a titunan birane ba tsere za su ba. Ado suke nema, don a rufe sararin nan da ke tsakanin taya da bodi, motar ta yi kyan gani a tsaye.

Ko don gudu aka yi ko don ado, aikin yana da sharuɗɗa waɗanda in ɗaya ya faɗi sauran ba su amfanar da kome. Sharaɗi na farko shi ne sabon sifirin ya fi tsohon tauri, kuma lissafi ne ya wajabta haka. Mu ƙaddara sifirin yana lotsawa santimita 1 a kan kowane kilo 30, kuma bayan mota ta zauna a kansa akwai sauran santimita 8 kafin ƙarfe ya bugi ƙarfe. Ke nan yana iya shanye dukan da ya kai kilo 240. In aka sauke motar da santimita 3, saura 5, kuma kafin santimita 5 su shanye kilo 240 ɗin nan sai kowane ɗaya ya ɗauki kilo 48. Ashe wanda ya nemi ƙasa ya nemi tauri, ko ya so ko bai so ba, kuma ƙugunsa da na fasinjansa ne za su biya bambancin.

Sharaɗi na biyu shi ne shokazoba, domin na kamfani an auna shi ne da laushin tsohon sifirin da tsawonsa, in aka haɗa shi da gajere mai tauri sai ya zauna kullum kusa da ƙarshen tafiyarsa, ya kasa kashe rawar, ya mutu tun kwanansa bai ƙare ba. Na uku shi ne robar nan da take tare ƙarfe kada ya bugi ƙarfe, wadda sai an sa gajeriya, in ba haka ba motar a kanta za ta riƙa tafiya, sifirin yana zaman banza. Na huɗu, wanda aka fi gafala da shi, shi ne tsayuwar taya. Ƙafar mota tana rataye ne da hannuwan ƙarfe masu juyawa a kan gaɓa, in gangar jiki ta sauka sai hannuwan su karkace, kan taya ya kwanta ciki, bakinta ya juya kaɗan daga saiti, sai ka ga taya sabuwa ta cinye ta gefen ciki alhali gefen waje ko gezau bai yi ba. Saboda haka alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, farilla ne bayan an gama, wani lokaci ma sai an sayi ƙusoshi ko hannuwa na musamman masu saiti kafin tayar ta koma daidai. A motocin da ƙafar gabansu take bisa tsarin injiniya Earle MacPherson, wanda ya yaɗu tun daga motocin Ford na 1950, in aka zarce haddi wajen saukewa sai karkatar hannuwan ta sa motar ta ƙara son kwanciya a kwana, wato a faɗa cikin abin da aka gudo dominsa.

Wannan ne ya sa sana'ar take da manyan kamfanoni, irin su Eibach da H&R masu sifirin, da Bilstein mai shokazoba, dukansu a Jamus, da Koni a Holan, waɗanda suke ƙera wa kowane samfurin mota nasa daban; kuma a Jamus ɗin ba a hawa titi da irin wannan canji sai kayan suna da takardar amincewa, sau da yawa ma sai masu binciken motoci irin su TÜV sun duba sun sa hannu. Amma hanyar ganganci, wato a yanke zagaye ɗaya ko biyu daga tsohon sifirin, ko a hura masa wutar gas har ya yi ja ya zauna, wannan ɓarna ce tsantsa, domin yankakke yakan iya zamewa daga mazauninsa in taya ta faɗa rami, wanda aka ƙona kuwa ƙarfinsa ya tafi ke nan, sai jiran ranar karyewa.

Yanzu sai mu ɗauko wannan mota da aka cika wa sharuɗɗanta duka, wadda tsakaninta da ƙasa bai wuce santimita 10 ba, mu kawo ta Adar, wato ƙasar Tawa. Muddin tana bisa lafiyayyar kwalta, kamar wadda ta taso daga wajen Birnin Ƙonni zuwa Tawa, ko sassan da suka rage da kyau na hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit wadda aka shimfiɗa saboda yuraniyom aka gama wajen 1980, ba ta da abin kuka sai ramuka da tuddan da ake ginawa a bakin garuruwa don rage gudu. Amma ran da aka juya kanta arewa maso yamma, aka nufi ƙauyukan Takanamat da na Tabaram, ko aka miƙa zuwa Tiliya, ran nan za ta gamu da alƙalai huɗu waɗanda ba su karɓar ceto. Akwai gargada, wadda take girgiza mota har noti ya kwance da kansa. Akwai duwatsun Adar, masu leƙowa daga ƙasa su nemi kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji, wanda in ya fashe direba bai ankara ba inji ya tafi. Akwai koramu, waɗanda da damina suke yanke hanya su bar gaɓa mai tsayi, inda bamba take soka baki a ƙasa, salansa ta maƙale a baya. Akwai kuma rairayi, inda manyan motoci suka haƙa sawu biyu masu zurfi suka bar tudu a tsakiya, gajeriyar mota ta hau shi da ciki, tayoyinta huɗu suna juyawa a banza. Land Cruiser da take ratsa waɗannan wurare tana da fiye da santimita 20 a ƙarƙashinta, kuma ko ita sai direba ya san inda yake aza taya.

Ba kuwa mutanen karkara kaɗai ne suka sallama wa wannan hukunci ba. Su kansu maƙeran motocin gudu sun sallama. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya fara a ƙarshen Disamba 1978, ya sha ratsa Nijar, har ya yada zango a Tawa a waɗansu shekaru, kuma da kamfanin Porsche ya yi niyyar cin sa, sai ya ɗauki motarsa 911, wadda duniya ta san ta da kwanciya a ƙasa, ya ɗaga ta, ya ba ƙafafunta doguwar tafiya, ya sa tayoyi huɗu suna ja, René Metge ya ci da ita a 1984, ya kuma sake ci da Porsche 959 a 1986. A 2022 kamfanin ya fitar da 911 Dakar don sayarwa, wadda ta ɗara 'yar'uwarta ta kwalta tsayi da santimita 5, tana kuma da na'urar ƙara waɗansu 3 in hanya ta ɓaci. Tun kafin wannan, a 1955, Citroën ta Faransa ta fitar da DS wadda direba yake ɗagawa ya sauke daga mazauninsa. Ita ma Peugeot 504, wadda ta fito a 1968 aka kuma fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, abin da ya sa ta sarauci hanyoyin Afirka shi ne tsayinta da laushin ƙafarta da nisan tafiyar sifirin ɗinta. A 1975 ta ci tseren Safari na Kenya da na Bandama a Kwaddebuwa da na Maroko, mai dogon baya kuwa, wadda ta yi shekaru tana jigila a tashoshinmu, sifirin bibbiyu gare ta a kowane gefe na baya saboda kaya.

Saboda haka aikin da ake yi a garejojin Tawa shi ne kishiyar na Jamus, kuma ya cancanci a tsaya a dube shi. Ran Asabar, jajibirin kasuwar Tawa, direban akori-kura yakan tsaya a bakin gareji ya ce, "Maigida, duba mini ita, gindinta ya zauna, ko buhu goma na aza sai taya ta riƙa gugar bodi." Bakanike ya durƙusa ya leƙa, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya ce, "Alhaji, falle ɗaya ya karye, sauran sun miƙe. In mayar maka yadda take, ko in ƙara?" Amsar kuwa kusan kullum guda ce: "Ƙara biyu, gobe kasuwa." Sai a ɗaga mota da jak, a tokare shasi da kututture, a kwance ƙarafan nan masu baka da suke ɗaure sifirin a jikin aksul, a cire ƙusar tsakiya, fallayen su watse. Bakanike ya kwantar da babban falle a ƙasa, ya zana lanƙwasarsa da alli, ya zana wata a gefenta wadda ta fi ta zurfi, ita ce abin nema. Daga nan yaran gareji su ɗora falle bisa ƙarafa biyu masu 'yar tazara, ɗaya yana riƙe yana turawa kaɗan-kaɗan, ɗaya yana sauke guduma a tsakani, tun daga wannan kai har wancan, ana ɗaukowa ana gwadawa da zanen alli har ya hau. A yanko sababbin fallaye daga na wata matacciyar mota, a huda, a jera, a shafa giris, a ɗaure. Karyayyen kuwa ba a yar da shi, maƙera na jiransa, domin babu ƙarfen da ya fi shi yin wuƙa da gatari da takobi.

Hikima ce ta gaske, wadda larura ta haifa, kuma da ita ce hatsi da gishiri da marasa lafiya suke isa inda za su. Sai dai aibin da ke cikin aikin mai saukewa yana nan cikin aikin mai ɗagawa, wato a canja abu guda a manta da abokan aikinsa. Taurin falle yana hawa da kaurinsa hawa mai tsanani, har mai milimita 10 ya kusa ninka mai milimita 8, don haka fallen babbar mota in aka cusa shi a ƙarama yakan mai da bayanta tamkar babu sifirin. In tana da kaya ta zauna daidai, in ta sauke sai ta riƙa tsalle bisa gargada, bayan ya riƙa zamewa, dukan da sifirin ya ƙi karɓa kuma ya wuce zuwa shasi ya tsaga shi a wurin maratayi. In an ɗaga da yawa, shokazoba yakan kai ƙarshen tsawonsa ya tsinke, tiyon birki ya ɗame. Mafi girma duka, ƙarin falle bai ƙara wa aksul ƙarfi ba, bai ƙara wa boris ba, bai ƙara wa taya ba, bai kuma ƙara wa birki ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya ɓoye alamar da mota take nuna wa mai ita cewa kaya sun yi mata yawa.

Sa'an nan ga mas'alar cibiya, wadda ta juyo da fuskarta ta biyu. In tsakanin tayar dama da ta hagu santimita 150 ne, rabinsa 75 ke nan, kuma wannan rabin shi ake gwadawa da tsayin cibiyar nauyi. In cibiyar tana santimita 50, faɗin ya rinjayi tsayin nesa ba kusa ba, motar za ta zame a kwana tun kafin ta yi tunanin kifewa. In kuwa aka ɗaga ta, aka labta buhuna har suka wuce kan direba, mutane suka hau bisa buhunan, cibiyar ta kai santimita 100, to, tsayin ya rinjayi faɗin, kuma da yake riƙon da taya take yi wa busasshiyar kwalta yakan kai wajen kashi 80 cikin ɗari na nauyin mota, tayar ba za ta saki ba sai motar ta kife. Madugan ayarin gishiri sun san wannan tun ba a ƙera mota ba, shi ya sa suke rataya kantu a gefe biyu na raƙumi, daidai wa daida, ba su tula shi bisa tozo. Mai nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, mara nauyi a sama, gudu kuwa gwargwadon lodi.

Abin da ya rage shi ne nasiha ga mutum biyu. Na farko shi ne saurayin da ya dawo daga cin rani a Abijan ko Legas da 'yar motarsa, ya ga hotunan motoci masu jan ciki a wayarsa, ransa ya biya. Ba a ce haramun ne ba, dukiyarsa ce. Amma ya fara auna tudun ƙofar gidansu da hanyar garinsu da damina, in ya ga lalle sai ya yi, ya sayi sifirin da aka ƙera wa samfurin motarsa, ya haɗa da shokazoba da roba da suka dace, ya yi alaimen, kada ya wuce santimita 3, kada kuma ya yarda a kusanci sifirin ɗinsa da zarto ko wuta. In kuɗinsa bai kai ga cika waɗannan ba, barin motar yadda kamfani ya auna ta shi ne mafi alheri, kuɗin ya sayi tayoyi masu kyau, don su ne suka fi kome ƙara wa mota riƙo. Na biyu shi ne direban haya da bakanikensa, kuma nasu ya fi nauyi, domin mai sauke motarsa galibi aljihunsa yake cuta, amma mai ɗaga motar haya ya labta mata abin da ya fi ƙarfinta, rayukan bayin Allah ne amana a hannunsa. In za a ƙara falle, a ƙara na jinsin motar, a ƙara daidai dama da hagu, a sa sababbin ƙarafan ɗauri masu isasshen tsawo, a sake ɗaure su bayan tafiyar farko, a duba birki da taya a rana guda. Kai kuma mai karatu, in ka zo tasha ka tarar an yi wa mota lodi har ta fi faɗinta tsayi, ka haƙura ka jira ta gaba, gama jinkirin wuni ɗaya ya fi sauƙin ɗauka bisa ga abin da ake gudu.